Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocin tiyata da masu sa barci, kan melatonin da ruɗewar tsofaffi bayan aiki

Assalamu alaikum likitoci, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wata ƙwaya da sunanta ya fara yawa a takardun magani da kuma bakin masu jinya, wato melatonin, da matsalar da ake fatan ta magance: ruɗewa da raunin tunani da ke kama tsofaffi bayan an yi musu tiyata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akasarin aikina na dare ne a ɗakin waɗanda aka fito da su daga tiyata. Ku kuna ganin majinyaci a kan teburin aiki da lokacin zagayen safe, mu ne muke tare da shi ƙarfe biyun dare. Shi ya sa nake ganin ina da ta cewa. Ba na adawa da ƙwayar, sai dai hujjar da ke bayanta ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma ina tsoron kada rubuta ta ya zama hanyar wanke hannu daga aikin da aka riga aka tabbatar yana amfani.

Matsaloli biyu ake cakuɗawa idan ana wannan magana. Ta farko ruɗewa ce ta farat ɗaya, wadda kan zo cikin kwanaki ukun farko bayan aiki, tana tashi tana lafawa, kuma ta fi ƙamari da dare. Dattijon da ya shiga asibiti da ƙafarsa, yana raha da kowa, sai ka same shi a dare na biyu yana fizge robar ƙarin ruwa, yana neman takalminsa zai tafi gida, yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Wannan kowa yana ganinsa, don yana hana ɗaki barci. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce dattijuwar da ke kwance shiru, idonta biyu amma ba ta bin magana, a sa mata cokali a hannu ta riƙe ta manta da shi. Ita ce ake rubuta wa "tana hutawa lafiya" a takarda, alhali ƙwaƙwalwarta tana cikin halin da ta wancan dattijon take, kuma irin nata ya fi wucewa ba a gane ba.

Ta biyu ba ta da hayaniya. Mutum ya warke, an cire zare, ya koma gida, amma lissafin da ya saba yi da ka ya gagare shi, yana ajiye abu ya manta, yana fara zance ya rasa inda ya dosa. Iyalai sukan ce tun da aka yi masa aikin nan bai koma daidai ba, a ba su amsa da cewa ai tsufa ne. To, tun a 1955 wani likita a Ingila mai suna Bedford ya rubuta a mujallar Lancet cewa akwai tsofaffin da ba su sake komawa yadda suke ba bayan tiyata da maganin sa barci. A 1998 aka buga babban binciken da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka kan mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama. Mako guda bayan aiki, kashi 25.8 cikin ɗari sun nuna raunin tunani a gwaji, bayan wata uku kuma kashi 9.9 suna nan da shi, alhali a cikin sa'anninsu da ba a yi wa aiki ba bai kai kashi 4 ba. Kuma matsalolin biyu suna da alaƙa. Wani bincike na 2012 kan masu tiyatar zuciya a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka ruɗe a asibiti sun fi daɗewa kafin tunaninsu ya dawo, wasu har shekara ta zagayo ba su cimma inda suke a da ba. Ke nan daren da muke raina shi a ɗakin jinya yana iya bin mutum gida.

Na fahimci dalilin da ya sa hankali ya karkata ga melatonin, kuma dalili ne mai kyau. Sinadari ne da jiki ke yi da kansa, a wani ɗan ƙullutu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Aaron Lerner da abokan aikinsa na Jami'ar Yale ne suka fara tace shi a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu. Duhu ne ke sa jiki ya fitar da shi, yana kaiwa ƙololuwa tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, haske kuma yana danne shi. Aikinsa shi ne ya shaida wa sauran jiki cewa dare ya yi. Yawansa yana raguwa da shekaru, wasu magungunan zuciya da hawan jini irin su atenolol da propranolol suna ƙara rage shi, sannan an auna an ga tiyata da kwanciyar asibiti suna dagula lokacin fitarsa. Tunda ruɗewa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da lalacewar barci, har dare ya koma rana, rana ta koma dare, ai tunani ne mai ma'ana a ce a mayar wa jiki abin da ya rasa. Ga kuma gwaje-gwajen da aka yi kan dabbobi da ke nuna yana rage kumburi a ƙwaƙwalwa, wanda ake zargin shi ne ke haɗa yankan da aka yi a ƙugu ko ciki da rikicewar da ke faruwa a kai.

Amma tunani mai ma'ana daban, sakamako a jikin mutane daban. A nan nake so mu ɗan tsaya.

Gwaje-gwajen farko sun yi daɗin ji. A 2010 mujallar likitocin sa barci ta Saudiyya ta buga wani bincike kan tsofaffin da aka sauya wa haɗin ƙugu, inda ruɗewa ta kama kusan kashi 9 na waɗanda aka ba melatonin, da kusan kashi 33 na waɗanda ba a ba komai ba. A 2011 a Kanada aka ba tsofaffin da aka kwantar rabin miligiram kacal, aka samu kashi 12 a kan kashi 31. A 2014 a Japan aka gwada ramelteon, maganin da ke aiki a inda melatonin ke aiki, aka samu kashi 3 a kan kashi 32. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce an gama. Sai dai binciken Japan mutum 67 ne duka-duka, kuma shi da na Kanada ba kan masu tiyata aka yi su ba. Ƙaramin bincike da ya zo da sakamako mai ban mamaki, ku kun fi ni sanin yadda yakan ƙare idan aka maimaita shi da jama'a masu yawa.

Haka kuwa aka yi. A Holan an bi tsofaffi 378 da suka karye a ƙashin ƙugu, aka ba wasu miligiram 3 na melatonin har dare biyar, wasu kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, ba likita ba majinyaci babu wanda ya san wa ya sha me. Sakamakon da aka buga a 2014 shi ne kashi 29.6 na masu melatonin sun ruɗe, na ɗaya ɓangaren kuma kashi 25.5. Wato babu wata kariya. Abin da aka ɗan gani shi ne ruɗewar da ta wuce kwana biyu ta yi ƙaranci a masu melatonin, amma bayan wata uku ba a ga bambanci a tunaninsu ko iya hidimar kansu ba. A Ostireliya an gwada shi kan mutum 210 masu tiyatar zuciya, aka buga a 2020, nan ma bai rage ruɗewa ba. A 2022 a ƙasar dai aka buga mafi girma, mutum sama da 800 a ɗakunan kulawa ta musamman guda 12, miligiram 4 kowane dare ƙarfe tara, sakamako iri ɗaya.

Na san za a ce ai idan aka tattara binciken duka aka haɗa lissafi, melatonin yana fitowa da ɗan rinjaye, kuma gaskiya ne, rahotanni da dama na irin wannan tattarawa sun nuna haka. To amma me aka tattara? Wani ya ba da rabin miligiram, wani biyar. Wani ya fara kwana biyu kafin aiki, wani sai bayan an fito. Wani yana duba ruɗewa sau biyu a rana da ma'auni, wani yana jiran nas ta kawo ƙara. Kuma rinjayen yawanci daga ƙananan binciken yake fitowa. Game da matsala ta biyu kuwa, wato raunin tunanin da ke jan watanni, hujjar ta fi ƙaranci. Abin da ake da shi galibi gwajin tunani ne na makon farko, lokacin da mutum ke fama da ciwo da magunguna da rashin barci. A Denmak an ba mata masu tiyatar kansar mama miligiram 6 har wata uku, ya rage musu alamun damuwa, amma bai taɓa sakamakon gwajin tunani ba. Don haka duk wanda ya ce wa iyali wannan ƙwaya za ta kare mahaifinsu daga gigin tsufa bayan aiki, ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

Akwai inda nake ganin ƙwayar tana da gurbi na gaske, kuma ba a cika ambatonsa ba. Nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken likitanci, na 2020 ya nuna melatonin yana rage fargabar da ke kama mutum kafin a shiga da shi tiyata, kuma mai yiwuwa ya yi kusa da magungunan kwantar da hankali irin su midazolam a wannan aiki. Idan kuwa haka ne, amfaninsa mafi girma ga tsoho yana iya zama hana a ba shi wasu magunguna masu haɗari. Dare nawa aka kira likita don dattijo ya kasa barci, aka rubuta diazepam ta waya? Ko promethazine, ko allurar pethidine don ciwo? Dukkansu suna cikin jerin magungunan da ƙwararru kan lafiyar tsofaffi suka daɗe suna gargaɗi a kansu, domin suna jawo ruɗewar da muke gudu. Idan zaɓin da ke gabanku ƙarfe goma na dare shi ne diazepam ko melatonin, don Allah ku rubuta melatonin. A wannan ba ni da ja.

Sai dai ku san abin da kuke rubutawa. A Tarayyar Turai an amince da wani nau'i mai miligiram 2 mai narkewa a hankali tun 2007, don rashin barci ga masu shekara 55 zuwa sama, kuma a Birtaniya sai da takardar likita ake samunsa. A Amurka kuwa ana sayar da shi a matsayin ƙarin sinadarin gina jiki, ba ya bin tantancewar da magani ke bi. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna samfura 31 a 2017, suka tarar abin da ke ciki ya kama daga ƙasa da abin da aka rubuta a kwalba da kashi 83, zuwa sama da shi da kashi 478, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na samfuran akwai sinadarin serotonin a ciki wanda ba a rubuta ba. Kwalbar da ɗan majinyaci ya saya ta intanet ya ɓoye a jakar jinya, ba ku san ko nawa take ɗauke da shi ba. Ku riƙa tambaya. Mai shan maganin damuwa fluvoxamine, melatonin yana taruwa masa a jini ninki-ba-ninki, mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kuma yana buƙatar a sa masa ido. Tsohon da ya tashi da magagi da jiri zai nufi banɗaki da sabon ƙarfe a ƙugu, shi ma abin tunani ne.

Yanzu bari in kai ku ɗakin da za a sha ƙwayar. Ƙarfe tara an ba dattijo melatonin. Fitilar saman kansa tana kunne saboda ana rubutu a gadon kusa. Sha biyu an tashe shi gwajin jini da zazzaɓi. Ƙarfe biyu na'urar ƙarin ruwa ta fara ƙara, ba wanda ya zo kashe ta da wuri domin nas biyu ne a kan ɗaki guda. Ƙarfe huɗu an zo ɗibar jini don sakamako ya riga zagayenku na safe fitowa. Biyar da rabi masu shara sun shigo. Da rana kuma labule a rufe, yana ta gyangyaɗi, tabaransa da na'urar jinsa suna cikin jakar da aka ce a mayar gida kada su ɓace. Ba agogo a bango, ba wanda ya gaya masa yau wace rana ce. Ƙwaya tana gaya wa jikinsa dare ya yi, mu kuma duk abin da muke yi yana gaya masa ƙarya take. Wane miligiram ne zai ci wannan gardama?

Abin takaicin shi ne an san maganin wannan tun tuni. A 1999 Sharon Inouye da abokan aikinta suka buga sakamakon wani tsari da suka gwada kan mutum 852 masu shekara 70 zuwa sama a asibitin Yale. Ba sabon magani a ciki. Ana tunatar da majinyaci rana da wuri da sunayen masu kula da shi, ana tashinsa ya taka, ana mayar masa da tabarau da na'urar ji, ana kula kada ruwan jikinsa ya ƙafe, da dare kuma a rage surutu, a ba shi abin sha mai ɗumi, a ɗan murza masa baya, a jera lokutan magani da gwaji yadda ba za a riƙa tashinsa ba. Ruɗewa ta sauko daga kashi 15 zuwa 9.9. A 2001 a Boston aka sa likitan tsofaffi ya riƙa duba masu karayar ƙugu tun daga farko, yana lura da iskar oksijin da ciwo da fitsari da bayan gida da magunguna, ruɗewa ta sauko daga kashi 50 zuwa 32. Waɗannan alƙaluma sun fi na melatonin tsayuwa da ƙafafunsu, illa dai ba a rubuta su a layi ɗaya a sa hannu. Suna buƙatar ma'aikata da haƙuri da sauya jadawali, kuma sauya jadawali sai da yardarku. Nas ba ta da ikon cewa a bar gwajin sha biyun dare ga wanda jikinsa ya daidaita, ko a cire robar fitsari a rana ta biyu, ko a ɗage ɗibar jini zuwa ƙarfe shida. Likita ne zai rubuta.

A gefe guda, masu sa barci, na ga an daɗe ana ɗora muku laifi, ana cewa da allurar baya aka yi maimakon a sa mutum barci gaba ɗaya da bai ruɗe ba. Manyan gwaje-gwaje biyu kan masu karayar ƙugu, ɗaya a Amurka da Kanada a 2021 mai mutum 1,600, ɗaya a Sin mai mutum 950, ba su ga bambanci a ruɗewa tsakanin hanyoyin biyu ba. Wannan ya rage muku nauyi, amma ya ƙara nuna cewa abin da ke faruwa kafin aiki da bayansa shi ne filin da ya rage a yi gyara.

Kafin aiki ɗin nan ne nake da babban roƙo. Kuna auna zuciya, kuna auna ƙoda da huhu da yawan jini, amma gaɓar da ta fi saurin samun matsala a jikin ɗan shekara tamanin, wato ƙwaƙwalwa, ba a auna ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba a san yadda tunanin mutum yake ba kafin a shiga da shi, ta yaya za a san ya ragu bayan an fito? Kuma wanda ya zo da ɗan raunin tunani tun daga gida shi ya fi kowa haɗarin ruɗewa. Gwajin gano ruɗewa mai suna 4AT da aka tsara a Edinbara ba ya cin fiye da minti biyu: a duba ko mutum a farke yake sosai, a tambaye shi shekarunsa da ranar haihuwarsa da inda yake da shekarar da ake ciki, a ce ya jero watanni daga ƙarshe zuwa farko, a tambayi na kusa da shi ko ya sauya a 'yan kwanakin nan. Wanda bai saba da lissafin watanni ba, kwanakin mako daga baya zuwa gaba suna nuna ko hankalinsa yana tsayawa wuri ɗaya. A yi irin wannan kafin aiki, a maimaita safe da yamma na kwana uku bayansa, a rubuta a takarda kusa da zazzaɓi da bugun jini. Da haka ne dattijuwar nan mai shiru za ta daina wucewa ba a gan ta ba, a nemi abin da ya jawo, ko ciwo ne ba a kashe ba, ko fitsari ya taru, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko gishirin jini ya sauka.

Sannan ku gaya wa iyali tun kafin su sa hannu. Kuna faɗa musu haɗarin zubar jini da na ƙwayoyin cuta, har da abubuwan da ba sa faruwa sai ga mutum ɗaya cikin dubu, amma abin da ke samun kusan ɗaya cikin uku ko huɗu na masu karayar ƙugu ba a ambatonsa. Sai 'ya ta ga mahaifinta yana zaginta cikin dare ta ɗauka ya haukace ke nan, ko ta ɗauka an yi kuskure a tiyata ana ɓoye mata. Da an gaya mata, da ta zo da tabaransa, ta zauna kusa da shi, ta riƙa tuna masa inda yake, kuma ita ce za ta fara cewa Baba ba haka yake ba jiya. Babu na'urar da ta kai ta sanin wannan.

Ga masu bincike a cikinku, tambayar melatonin ba ta mutu ba, kuma ta cancanci a amsa ta da kyau: gwaji mai jama'a da yawa, kan tsofaffi masu tiyata, da ƙwayar da aka tabbatar da abin da ke cikinta, da awo ɗaya da lokaci ɗaya, a kuma bi mutane har wata uku da shekara guda ana auna tunaninsu da yadda suke tafiyar da rayuwarsu. Ina so a gwada shi a ɗakin da aka riga aka kashe fitila aka rage surutu, domin a nan ne za a san ko yana ƙara wani abu a kan duhun da jiki ke nema.

Kafin wannan ya samu, idan majinyaci ya dawo ganin likita bayan sallama, kun duba ɗinki kun ga hoton ƙashi ya yi kyau, ku ƙara tambaya ɗaya ga wanda ya rako shi: yana iya abubuwan da yake yi da kansa kafin aikin? Idan amsar a'a ce, ku rubuta ta, ku tura shi wurin likitan tsofaffi ko na ƙwaƙwalwa.

Allah ya ƙara muku basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taku a bakin aiki,
Wata ma'aikaciyar jinya mai aikin dare